Layin Biro da Majanyin Tumba

Kwanan baya wasu samari biyu da suka gama makarantar koyon aikin lafiya suka same ni a ƙofar gidana a Gusau, na dafa kayan aiki na jera su a faranti suna hucewa. Ɗaya ya miƙa hannu ya ɗauki hantsakina, ya jujjuya shi, ya ce, "Baba, ai wankin ciwo ba wani abu ba ne. A ɓare filasta, a goge, a rufe, shi ke nan." Na ce masa ya fara ajiye mini hantsaki tukuna, don yanzu ya ja mini sake dafa shi. Suka yi dariya, ni ban yi ba. Saboda su da ire-irensu na zauna nake rubuta wannan.

Sunana Sahabi, amma daga Bungudu har Tsafe in ba ka ce Malam Dresa ba, wato mai wankin ciwo, ba wanda zai nuna maka ni. Da tsintsiya na shiga asibiti, ina sharar ɗakin mazan da aka yi wa tiyata. A nan wani dattijo, Baba Iro, mai wankin ciwo na ɗakin, ya lura ba na kau da kai idan ya buɗe ciki mai wari, sai ya ce in riƙa riƙe masa faranti. Na yi wata da watanni ina riƙon faranti bai bar ni na taɓa mutum ba. Abin da yake yi, in ya cire tsohon bandeji sai ya kawo shi kusa da hancina ya ce, "Mi kaj ji?" In na ce wari, ya ce ai ko akuya ta san wari ne, wane iri? Haka na koyi bambanta warin mugunyar da za ta wuce da warin wadda ke cin nama, da wanda in ka ji shi ka san hanji ne ke yoyo, ka ajiye komai ka ruga kiran likita. Daga baya aka tura ni kwas na samo takarda, amma takardar ba ta ƙara mini abin da hancina bai riga ya sani ba.

Kayan aikin ba su da yawa, jaka ɗaya ce a bayan babur. Hantsaki biyu, ɗaya na cire ƙazanta, ɗaya na sa sabon bandeji, kuma ba sa haɗuwa ko a faranti. Almakashi, safar hannu, auduga, filasta, ruwan gishiri na asibiti, aidin, da kwalbar zuma wadda ni da kaina nake zuwa wurin mai amya in tsaya a tace ta a gabana, don ban yarda da ta kasuwa ba. Sai ƙaramar tukunya da ba a taɓa dafa abinci a cikinta ba. Sai biro, wanda za mu zo kansa.

Likita yana yanka ciki, ya gyara abin da ya ɓaci, ya ɗinke, ya wanke hannu, 'yan uwa su yi ta sa masa albarka. Ba na ƙyashi, ya cancanta. Amma aikin gaggawa ba kamar wanda aka shirya ba ne. Mutum ya zo hanji ya huje, ƙazanta ta cika ciki, jiki ba jini ba ƙarfi. Irin wannan ɗinki sau da yawa ruwa yake yi ya buɗe. Daga nan likita ya gama nasa, saura ni da mai ciwo da mutanen gidansa, wata biyu, wata uku, wani ma ya fi. A wannan tsakanin ake sanin ko mutum zai koma gona, ko kuwa zai ƙare a gindin bishiya yana kallon masu tafiya.

Mutanen gida kuwa, Allah ya ba su lada, ba sa iya zama su ga ciwo a buɗe ba su sa masa wani abu ba. Na sha buɗe bandeji in tarar da garin sassaƙe, ko toka, ko man shanu, ko garin kafso. Akwai wani makiyayi a wajen Wanke da na yi mako guda ina mamakin yadda gefen ɗinkinsa ke ƙonewa. Ya rantse, yayansa ya rantse, har uwarsu aka fito da ita ta rantse. Ranar da na manta almakashi na koma ɗauka, na same su su uku a kansa da 'yar kwalbar man birki. Ba mugunta ba ce, so ne da gajen haƙuri, amma ciwo bai san wannan ba. Shi ya sa na daina tambaya na koma ga biro. In na gama manna filasta, sai in ja ɗan layi daga kan filastar ya sauka kan fata, a kusurwa biyu, inda mai ciwo ba zai kula ba. In na dawo na ga layin a haɗe, ba a taɓa ba. In ya goce, an ɓare an mayar. Da wannan dabara na kama mutane ba adadi, har na kai ina ji da kaina, ina ganin ba mai iya yi mini wayo.

Shekarar da ta fi kowace wuya ita ce wadda 'yan bindiga suka hana hanyoyin ƙauye biyuwa, ga bazara ta yi tsawo, rijiyoyi sun ƙafe, mutane na shan abin da suka samu. Taifot ta yi yawa. Mutum zai kwana huɗu, biyar, yana murƙususu a gida ana jiran ranar da za a iya fitowa da shi, kafin a iso asibiti hanji ya riga ya huje. Gadaje suka cika, ana sallamar mutane da ciwo a buɗe don a kwantar da wasu. Lokacin na riga na yi ritaya, sai ya zama ni ake nema in bi su gida. Na kafa wa kaina doka: in fita da hantsi, in yi abin da ya kai ni, in juyo. Ko ruwa ba na tsayawa sha, kuma ba na yarda azahar ta same ni a ƙauye.

A wannan shekara aka haɗa ni da Malam Bawa, daga wani ƙauye a bayan dutsen Kwatarkwashi. Dattijo ne dogo mai faɗin ƙirji, zai haura sittin. Katinsa na asibiti ya ce manomi, ni ma haka na ɗauke shi. An yi masa aiki cikin gaggawa, bayan kwana shida ɗinkin fata ya yi ruwa, aka warware rabinsa na ƙasa, daga cibiya zuwa mara, aka bar shi a buɗe ya ciko daga ciki. Ga wanda bai sani ba, ciki ɗinki biyu ake masa: na fata da kowa ke gani, da na naman da ke ƙarƙashi, wanda shi ne ke riƙe da kayan ciki. Ranar sallama likitan ya ja ni gefe ya ce, "Malam Sahabi, ɗinkin ƙarƙashi yana nan riƙe, amma da ƙyar. In ya saki, fata za ta rufe, hanji kuma ya turo ta. Mutumin nan ba zai sake riƙe fartanya ba." Aikina ke nan, in kai Malam Bawa ga warkewa wannan ɗinki bai saki ba.

A zaurensa nake masa wanki, kwana ɗaya tsakani. Ranar farko na jera masa dokoki, matarsa Tumba tana tsugune a bakin ƙofar shiga gida tana saurare. Ita ta yi jinyarsa a asibiti, 'yar tsohuwa siririya marar magana, kullum ko tana wanke kwano ko tana zaune a ƙasa kusa da gado. Na ce ba noma, ba ɗaukar ko buta cike, ba hawa babur, salla a zaune, in tari ya zo a dafe ciki da matashi, kuma kada kowa ya taɓa filastata. Ya ce, "Duk na ji, Malam. In sha Allahu ba ka samun mu da saɓawa."

Zuwan farko da na biyu lafiya lau. A na uku na ga layin biro ya goce. Ba da yawa ba, kamar faɗin ƙwayar dawa, amma ya goce, kuma filastar ta yamutse kamar an danne ta. Na buɗe, na sunsuna, na duba da kyau, ban ga gari ba, ban ji baƙon wari ba. Na sake jan layi. Na dawo haka, na sake dawowa haka. Ciwon kuwa yana nan jawur, mai tsabta, ba mugunya, amma ba ya matsewa. Ina auna faɗinsa da 'yar takarda in yi alama, mako biyu alamar na wuri ɗaya. Ciwo mai tsabta a jikin mutum mai cin abinci ba ya tsayawa haka kawai. Na ce wani na yin wani abu.

Na fara da wanzamin garin, aka ce ya tashi ya koma Bungudu tun bara. Na zargi Malam Bawa da satar zuwa gona, na duba tafin hannunsa da ƙafarsa, sun yi laushi kamar na mai shago. Na tambayi ƙanensa Mamman, wanda gidansa ke manne da nasu, ya ce ko bakin gari bai taɓa kaiwa ba, daga zaure sai masallaci, masallacin kuwa ga shi nan taku goma. Saura mutum ɗaya. Na ce a raina tsohuwar nan ta fi sauran wayo ne, tana sa abinta ta kuma wanke kafin in iso, tunda ta san lokacin zuwana. Shirun nan nata ma sai ya zame mini shaida.

Ranar da na yi abin da na yi, Mamman na zaune a zauren. Na nuna masa layin, na bayyana masa yadda dabarar take, ina yi ina jin daɗin kaina. Sannan na ce a kira Tumba. Ta zo ta tsuguna.

Na ce, "Inna, mi kinka sa ma ciwon nan?"

Ta ce, "Ban sa mai komi ba, Malam."

"To wa ke buɗe shi?"

"Ni dai ban buɗe ba."

"Aljanu ka buɗewa ke nan?"

Ta dubi mijinta. Na ga kallon, na kuma fassara shi yadda nake so. Malam Bawa ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ba ruwanta. Bar ta." Na ce to ruwan wa? Ya kau da kai. Na ce in dai ana so cikin nan ya rufe, a raba hannun matar nan da shi, in ba haka ba ni in cire nawa.

Iyakata ke nan, na hau babur na tafi. Kafin in dawo magana ta zaga gari, wai Dresa ya kama Tumba tana zuba wa mijinta abu a ciwo. Wasu suka ce magani, wasu suka ce ba magani ba ne. Mata suka ɗauke ƙafa daga gidan. Mamman ya ce matarsa za ta riƙa dafa wa yayansa abinci, Tumba kuma ta je Kucheri wurin 'yarta ta huta. Da aka gaya mini, ban ce a dawo da ita ba. Cewa na yi to yanzu za a ga aiki.

Aka kuwa gani. Layin bai daina gocewa ba, ya ma ƙaru. Wata rana na tarar da filastar ta ɓalle gefe guda ɗungum. Alamar takardata ta fara motsi, amma baya take yi, ciwon na ƙara faɗi. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce, matar ba ta nan, abu ya ƙaru, ashe ba ita ba ce. Ni sai na ce ta bar wa wani sallahu. Na koma zargin matar Mamman, na zargi Mamman kansa, har filastar na zarga na sauya wata iri. Kwana goma sha biyu na yi ina wannan farauta.

Ƙusa ce ta tona maganar. Tayar babur ta yi faci bayan na fita Gusau kaɗan, na tura, na jira mai faci, rana ta take. Na so in juya, sai na tuna yadda na bar ciwon shekaranjiya, na ce bari in kutsa. Ban taɓa shiga garin nan bayan hantsi ba sai ran nan. Ina tsakanin gonaki, ban ko hango rufin gidaje sosai ba, na ji an ɗaga kiran azahar. Murya ce zalla ba lasifika, amma ta cika kwarin nan har tana dawowa daga jikin dutse. Na ga masu shuka suna ajiye kayan aiki. Na ce a raina, lallai garin nan suna da ladan. Sai a tsakiyar ja muryar ta yanke, aka ɗan yi shiru, ta sake tashi.

Na shawo kwanar masallaci na gan shi. Malam Bawa ne tsaye a kan wani dutse da aka girke a gefen bango, hannun dama a kunne, na hagu ya tallafe mara, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Duk jan da zai yi ina ganin cikin yana turo riga. A gaban rigar akwai jiƙa kamar faɗin tafin hannu. Na kashe babur. Ba a katse kiran salla, ko da kai ne dresa. Na tsaya na saurare shi har ƙarshe, ina jin kowane ja a nawa cikin.

Bayan an sallame na kai shi zaure na kwantar. Bandeji ya jiƙe sharkaf da wani ruwa ja-ja tsinkakke, mai kama da ruwan wankin nama. Baba Iro ya taɓa nuna mini irinsa ya ce in na gan shi, ɗinkin ƙarƙashi ne ke magana. Na ce ya ɗan yi tari. Ya yi, na ga ƙasan ciwon ya taso.

Na ce, "Malam Bawa, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun kwana ukku da dawowata."

"Sau biyar kullum?"

"Sau biyar."

"Don mi ba ka hwaɗa min ba?"

"Kac ce kar in yi aiki, ban yi ba. Ashe kiran salla ma cikin aiki shike?" Sannan ya ce, "To, gaskiya na san in kaj ji hana ni za ka yi. Shekara talatin da wani abu ni ka kira garin ga. Da nike asibiti wani yar riƙa, na dawo na ishe mutane sun hwara sabawa da shi. Gona ta tsaya, kasuwa ta tsaya, ko buta sai an ɗaukam min. In wannan ma ya tahi, mi yar rage min?"

Sai ya miƙa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo wani tsohon majanyi na saƙi, mai kauri, irin wanda mata ke ɗaure goyo da shi. Ya ce, "Da Tumba na nan, ita ka ɗaure min ciki da wanga kahin in hita, tamau, in na dawo ta kwance. Ta yi ta hana ni ban hanu ba, sai tac ce to bari ta riƙa ɗaurewa. Ni nas sa ta yi min alkawali ba ta hwaɗa ma kowa. Da za ta tahi ta bar min shi, amma ni ɗai ba ni iya jan shi ya kamu."

Nan komai ya zauna mini daki-daki. Majanyin ne ke danne filasta ya gusar da layin biro. Mako biyun da ciwo ya tsaya, bai ci gaba ba bai koma baya ba, ita ce ke riƙe da shi, sau biyar a yini. Ranar da na sa aka raba ta da shi, ranar ya fara faɗi, kuma duk yana nan a 'yar takardata, da hannuna na yi alamar. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a aiki. Biro ya gaya mini an taɓa filasta, kuma an taɓa ɗin. Sauran duk ni na ƙara.

Na ɗaure shi da majanyin, Mamman ya samo mota, muka kai shi Gusau a ranar. Likita ya duba ya ce ɗinkin ƙarƙashi ya saki kamar faɗin yatsa huɗu, Allah ya taimaka hanjin ya manne bai fito waje ba. Ba a sake ɗinki a kan nama mai ciwo, sai dai a ɗaure a bari fata ta rufe. Bai tambaye ni yadda aka yi ba, ni na faɗa masa. Ya ce ko da an hana shi kira tun farko yana iya saki, irin wannan nama ba shi da tabbas. Na san so yake ya sauƙaƙa mini. Wataƙila ma gaskiya ne, amma kwana goma sha biyun nan ni na yi su, ba wani ba.

Washegari na tafi Kucheri. Na yi sallama a gidan surukinta, ta fito zaure ta tsuguna kamar yadda ta saba, muka gaisa, ta tambayi jikin Malam kafin komai. Na gaya mata. Ta shiga murza bakin mayafi.

Na ce, "Inna, na zalunce ki, ki yahe min. Amma don mi kinka yi shiru ana hwaɗin irin wagga magana a kanki?"

Ta ce, "Alkawali nay yi mai. Shekara arba'in ban tona mai asiri ba, sai don bakin mata?" Sannan ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na san ta. "Kai ko, Malam, kullum kan babur kake. Da ka zamna ka sha ruwa garinmu ko sau guda, da kunnenka ya hwaɗa maka. Yahewa na yahe. Amma gaban Mamman kac ce na buɗe, gabanai za ka ce ban buɗe ba."

Haka aka yi. Ranar da aka dawo da Malam Bawa gida, Tumba ma ta dawo ɗakinta, na tsaya a ƙofar masallaci bayan azahar, ga Mamman, ga liman, ga duk wanda ya yi salla. Na ce Tumba ba ta taɓa buɗe ciwo ba, ba ta zuba komai ba, ita ce ma ta riƙe shi, ni na yi kuskure. Mamman ya sunkuyar da kai. Wani daga baya ya ce, "Ashe biro ma na ƙarya." Na ce biro bai yi ba, mai biron ne.

Bayan wata uku fata ta rufe. A asibiti aka rubuta ya warke, aka rufe katinsa. Ga yadda warkewar take. Ƙaba ta fito masa a mara kamar an kifa ƙwarya a ƙarƙashin riga. In ya tsaya ta zubo, in ya kwanta ta koma. Wando sai ya ɗaure shi a saman cibiya. Tuwo kaɗan-kaɗan yake ci, in ya ƙoshi ciki ya ɗaure masa. Atishawa sai ya nemi bango ya dafa, dariya mai ƙarfi ma ya koyi haɗiye ta. Babur ya gagare shi saboda gargada, don haka biki da ta'aziyya a wani gari sai dai a kai masa gaisuwa. Gonarsa 'ya'yan Mamman ke nomawa, shi yana zuwa ya zauna a bakin kunya yana nuna inda aka bar ciyawa. Likita ya ce za a iya sake aiki a sa masa raga ta riƙe cikin, Malam Bawa ya ce shi da wuƙar likita sun yi ban kwana. Kiran salla kuwa ba ni na hana shi ba, liman ne ya je har zaure ya roƙe shi ya bari.

To ku da kuke ganin a ɓare ne a goge a rufe, ga abin da na ƙara a aikina tun daga shi. Kafin in buɗe jaka sai in zauna, in karɓi ruwa in sha, in ce mutum ya ba ni labarin yininsa daga farkawa har kwanciya, kada ya tsallake komai, har abin da bai ɗauka aiki ba. Da haka na gano mai kiran shanu daga nesa, da mai hura wuta da baki, da wata a Tsafe da ta ce ba ta daka, sai dai ɗan yajin miya. Kada ku ce na tuba daga zargi, biro na nan a jaka, makon jiya ma na kama garin kafso. Amma yanzu a jakar akwai majanyi biyu, kuma ɗaurin da nake koya wa matan masu ciwo ba a kwas na koye shi ba. Tumba ce ta nuna mini: a kwance ake ɗaurewa, bayan mutum ya fitar da numfashi, daga ƙasa a yi sama.

Watan jiya hanya ta biyo da ni ta garinsu, na tsaya, da gangan na bari azahar ta same ni. Muna zaune a zaure ni da shi muna hirar damina. Inuwar bango ta kai inda take kaiwa, tun sabon ladan bai hau dutse ba, na ga Malam Bawa ya bar magana, ya gyara zama, ya ja dogon numfashi, hannunsa na dama ya tashi ya nufi kunne. Daga cikin gida, ko leƙowa ba ta yi ba, Tumba ta ce, "Malam." Sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ya dubi hannun, ya sauke shi a hankali ya ɗora a kan majanyi. Aka ɗaga kira a waje, murya siririya wadda ba ta kai gonaki. Shi kuma ya shiga amsawa ƙasa-ƙasa, kamar kowa.